Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan jihar Maraɗi da manyan hafsoshin soja, a kan ɗaukar mutane cikin tirelar kaya

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe,
Manyan hafsoshin sojojinmu da ke wannan jiha, Allah ya ba ku nasara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah ya dafa muku a kan nauyin da ya ɗora muku, ina roƙon ku yi haƙuri ku karanta wannan takarda har ƙarshenta.

Ni mai walda ne. Shekara 26 ke nan ina haɗa bodin manyan motoci da gyaransu a cikin garin Maraɗi, sana'ar da na gada wurin mahaifina, wanda ya yi aiki a kan motocin Berliye tun zamanin da ake dakon gyaɗa da su. Ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Mun zauna da wasu abokan sana'ata, da direbobi biyu da suka ajiye tuƙi saboda tsufa, da iyaye mata da matan aure waɗanda ƴaƴansu da mazajensu ke sanye da kaki, sai kuma wasu ƙananan ƴan kasuwa masu bin kasuwannin ƙauye. Suka ce tun da kai ne ka san ƙarfe, kai za ka rubuta. Ina da nawa dalilin kuma, domin ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, soja ne.

Abin da ya tayar da maganar ya faru ne da wata safiya cikin hunturu. Ina tsaye bakin babbar hanya ina jiran a zuba mini koko, sai ga ayarin motoci ya doshi gabas. A tsakiyarsu akwai tirela guda, irin wadda muke loda wa siminti da buhunan wake, cike da samari masu kaki. Wasu na zaune a kan jakunkunansu, mafi yawa a tsaye, kowa ya naɗe fuska da rawani, hannu ɗaya a kan ƙarfen gefe. Mutane suna ɗaga musu hannu, tsohuwar da ke sayar da kokon ta ajiye ludayi tana cewa Allah ya kai ku lafiya, Allah ya maido ku ga uwayenku. Ni kuwa idona na kan bodin. Babu benci, babu rufi, babu tsani, ƙarfen gefen iyakarsa ƙugu, kuma na ga inda aka yi masa ɗori da walda mara zurfi. Na koma gareji ban iya taɓa aiki ba sai da rana ta take.

Mun san halin da ake ciki, kada ku ɗauka ba mu sani ba. Ƙasar nan faɗi gare ta. Daga Yamai zuwa nan fiye da kilomita 600 ne, daga nan zuwa Damagaram fiye da 200, Difa kuma tana can gaba. Mun san abin da mutanen Madarunfa da Gidan Rumji suka sha a hannun ɓarayin shanu da masu satar mutane, mun ga dubban ƴan'uwanmu da suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019 suna neman mafaka, kuma mun san irin ɗawainiyar da yaranmu ke yi a dajin Baban Rafi da sauran wuraren da ake aikin sojan nan mai suna Farautar Bushiya. Ƙananan motocin yaƙi suna can inda ake buƙatarsu. Sirrin aikinku naku ne, ba mu tambaye shi ba. Maganarmu ta tsaya a kan doguwar tafiya: sababbin sojoji da suka gama horo ana rarraba su, waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki, masu komawa bayan hutu, da iyalan da ke bin su a baya.

Kukanmu na farko, kuma shi ne uwar sauran, tirelar kaya ba don mutum aka ƙera ta ba. Wannan magana kowa na faɗinta, amma ku bari in nuna muku inda take a jikin ƙarfe.

Sifirin ɗin tirela an yi shi ne ya ɗauki tan 30 ko fiye. Sai ya ji wannan nauyin yake laushi, ya riƙa shanye duka daga hanya. Mutum 60 da jakunkunansu da bindigoginsu da ƙyar su wuce tan 6. A wurin sifirin ɗin nan kamar babu kowa a sama, don haka ba ya lanƙwasa ko kaɗan, kowane rami da taya ta faɗa, dukan yana wucewa kai tsaye zuwa ƙashin bayan wanda ke zaune da gwiwar wanda ke tsaye. Duk direban da ya taɓa dawowa da mota wofi daga Dakwaro ya san yadda bayanta ke tsalle. Birkin ma haka. An auna ƙarfinsa da cikakken lodi, saboda haka idan nauyi ya yi kaɗan kuma aka taka shi da ƙarfi, tayoyin baya kan ƙame su ja a ƙasa, gindin motar ya fara zamewa gefe. In abin ya zo da ƙarar kwana, kan motar da tirelar sai su naɗe kamar askar wanzami.

Sannan buhu ba ya motsi, inda aka ajiye shi nan yake. Mutum 60 a tsaye kuwa kamar ruwa ne a tankin da bai cika ba. An sha kwana, duka su karkata gefe ɗaya. An taka birki, duka su zubo gaba, na gaban su sha nauyin na baya a ƙirji. Wani malamin lissafi da ke kawo mana gyara ya taɓa zana mana a ƙasa: wanda mota ta watsar tana gudun kilomita 50 a awa, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsawon mita 10. In tana gudun 80, kamar daga mita 25 ne, tsawon bene hawa takwas. A kan babbar hanyar nan wace tirela ce ke tafiya ƙasa da 50?

Akwai abin da ya fi waɗannan tsorata ni, domin ba a ganinsa daga waje. Duk tsawon tirelar nan da abin da ke cikinta, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da ita a kan farantin kan mota, kuma a mafi yawan motocin kaurinta santimita 5 ne. Tana cinyewa a hankali, farantin ma bakinsa na buɗewa. Ban da ita sai tiyon iska biyu masu kai birki baya. Na sha karɓar mota in tarar an toshe tiyon baya da gangan saboda yana yoyo, maimakon a sayi sabo, wato tirelar na tafiya ba ta da birkin kanta, kan motar kaɗai ke tsayar da ita. In siminti ne a sama, asarar dukiya ce, mai ita ya yi kuka ya share hawaye. To yaya in ƴaƴan mutane ne? Wa ke leƙa ƙarƙashin motar haya kafin a ce wa yara su hau?

Kuma direba ba ya jin na baya. A bas, fasinja na iya cewa direba tsaya. A tirela akwai tazara tsakanin kai da bodi, ga ƙarar inji, ga iska, ga gilashi a rufe saboda ƙura. Ko ana mutuwa a baya, shi tafiyarsa yake yi.

Wannan na ƙarshen ba labari aka ba ni ba. Shekara uku da suka wuce aka mayar da ƙanena gabas. Bayan ya samu ɗaki, matarsa ta tashi bin sa da yara uku. Ga gado, ga katifa, ga tukwane da buhun gero biyu, kuɗin da ke hannu ba zai biya bas da dakon kaya a lokaci guda ba. Aka samu wata tirelar haya mai zuwa can da buhunan wake, mai motar ya ce a kawo wani abu kaɗan su hau tare da kayansu. Ni na ɗaure kayan da hannuna, ni na miƙa yaran sama ɗaya bayan ɗaya, na san duk abin da na rubuta a sama amma na yi shiru, domin kowa haka yake yi. Bayan Tasawa saniya ta gifta, direba ya taka birki. Yarinyar, shekararta shida a lokacin, ta suɓuce daga hannun uwarta ta bugu da ƙarfen gaba, kafaɗarta ta karye. Uwar ta yi ta ihu tana dukan bodi da murfin tukunya, mota ba ta tsaya ba, sai da wani ɗan kabu-kabu ya hango su, ya sha gaban motar yana yi wa direban alama. Yarinyar ta warke, alhamdu lillahi, amma har yau ba ta iya ɗaga wannan hannun sama da kanta. Duk ranar da na gan ta tana tallafe tulu da hannu ɗaya, na san da nawa alhakin a ciki.

Kukanmu na biyu ya shafi aikin da kuke tura su yi. Cikin watan Afrilu da Mayu zafin nan yana haura digiri 40, ƙarfen bodi ya ɗau zafin da ba a iya dafa shi da tafin hannu. Cikin Disamba da Janairu kuma iskar hunturu ce da ƙura, ga gudun mota a kai. Na tambayi ƙanena yadda suke ji in sun yi irin wannan tafiyar. Ya ce, "Yaya, in muka sauka sai an jima kafin ƙafafunmu su dawo namu." Mutumin da ya wuni a tsaye cikin rana, idonsa cike da ƙura, ƙafarsa ta mutu, shi ne za a ce ya riƙe tsaro a daren nan. Ku kun fi ni sanin yaƙi nesa ba kusa ba, amma ko ni mai walda na san cewa in aka yi wa irin wannan mota kwanton ɓauna, mutanen da ke cunkushe kafaɗa da kafaɗa, jakunkuna a ƙarƙashin ƙafafunsu, ba ƙofa ba tsani, sai sun tsallake ƙarfe su diro daga abin da ya fi tsayin mutum, ba za su iya sauka da sauri ba balle su kare kansu. Uwar soja ta riga ta sallama ɗanta ga harsashi, ta bar wa Allah. Innarmu ta ce mini abin da ba ta sallama ba shi ne a ce ɗanta ya faɗo daga mota.

Na uku, iyalai. Na ba da labarin namu, kuma matan da muka zauna da su kowace na da irinsa: wadda ta yi ɓari bayan ta sauka, wadda jaririnta ya kamu da ciwon haƙarƙari saboda sanyin dare a saman kaya. Soja na zuwa inda aka tura shi ba gardama. Matarsa da ƴaƴansa kuwa sai su nemi hanya da kansu, kuma hanyar da ta fi araha ita ce saman lodi.

Na huɗu ya fi sauran faɗi, domin a nan farar hula ne, kuma yawansu ya ninka na sojoji sau da yawa. Mai girma Gwamna, ka sa a tsaya a mashigar gari ranar Litinin ko Juma'a da sassafe, ranakun babbar kasuwa, a ƙirga manyan motocin da ke shigowa ta hanyar Dakwaro da ta Mayahi da ta Ɗan Isa. Buhuna sun kai iyakar bodi sun wuce, a samansu ga mutane jere ƙafafu na reto, ga tsofaffi, ga mata da goyo, ga almajirai, wani lokaci da awaki a tsakani. Bayan girbi kuma ga ƴan ci-rani. Reshen itace ya share mutum, wayar lantarki ta share shi, gyangyaɗi ya kwashe shi ya faɗo, kuma in a daji ne, kafin a kai shi babban asibitin Maraɗi rai ya yi halinsa. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, bayan motocin kayan da suka ɗauko su sun lalace. Ƙishirwa ce ta kashe waɗancan, amma mafarin ɗaya ne: an loda mutane a motar da ba wanda ya duba lafiyarta, ba wanda ya ƙirga su, ba wanda ya tanadar musu ruwa. A tsallaken iyaka ma hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta daɗe tana yaƙi da haɗa mutane da kaya da dabbobi a tirela ɗaya, saboda yawan gawar da take kwashewa.

Ba masu mota kaɗai ke da laifi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne ke roƙon aparanti ya bar mu mu hau, mu ne ke cewa abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa, alhali Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi ka ɗaure raƙumarka sannan ka yi tawakkali. Sai dai talakan da ke da jika ɗaya a aljihu, kasuwa kuma ba ta jiransa, zai hau abin da ya samu. Kuma ga abin da ke haɗa wannan da maganar soja: in jandarma ya tsayar da direba ya ce sauke mutanen nan, direban zai nuna masa hanya ya ce ai jiya na ga yaranku a irinta. Muddin hukuma na ɗaukar nata a haka, bakinta ya yi nauyi wajen hana wasu.

Akwai dokar UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, mai lamba 14 ta shekarar 2005, wadda ta ƙayyade nauyin da kowane layin tayoyin mota zai ɗauka da tsayin lodi da faɗinsa, kuma saboda ita ake hawa da manyan motoci kan sikeli. Doka ce mai kyau, an yi ta don kada kwalta ta farfashe. Muna roƙon a ba ran mutanen da ke saman lodin ko da rabin kulawar da ake ba kwaltar da ke ƙarƙashinsa.

Ba cewa muke yi a jefar da tirela ba. Ƙasashen da suka fi mu kuɗi ma sun ɗauki mutane a cikinta lokacin da suka matsu. A yaƙin duniya na biyu, da Amurka ta dakatar da ƙera ƙananan motocin farar hula a 1942, an ɗauki tirelolin da a da ke dakon sababbin motoci aka mayar da su bas, suna kai ma'aikata masana'antun makamai. Sojojinsu sun yi shekaru masu yawa ana kai sababbin shiga filin horo a wata irin tirela da su da kansu suka laƙaba wa suna motar shanu saboda cunkoso. A Kuba, da ƙasar ta shiga ƙunci a shekarun 1990, birnin Habana ya dogara da wata doguwar tirela mai tozo biyu da suke kira raƙumi, tana ɗaukar fiye da mutum 200, har sai da aka janye ta daga birnin a 2008 bayan sun samu bas daga Sin. Ba wanda ya ji daɗin waɗannan motoci. Amma ko motar shanun da raƙumin, an yi musu rufi da ƙofa da matakala da abin riƙewa, an sake ƙera su da sanin cewa mutum ne zai shiga. Motocin soja na asali ma, waɗanda mahaifina ya gyara, suna zuwa da benci a gefe biyu wanda ake naɗewa in za a ɗauki kaya. Abin da muke yi a nan shi ne mu sauke siminti yau, gobe mu ce wa mutane su hau, ko shara ba a yi ba.

Ga abin da muke roƙo.

Ga manyan hafsoshi: a fitar da umurni a rubuce cewa ba za a sake ɗaukar soja a tirela ko kamiyon kaya ba sai wadda aka gyara don mutane. Inda hanya ke da aminci, a yi hayar bas. Kamfanonin sufuri irin su Rimbo da STM da Sonef suna bin babbar hanyar nan kullum, motocin suna nan. Inda tsaro ya sa dole sai motarku, a ware wasu tireloli ƙalilan a mayar da su na mutane har abada, kada a riƙa juya su tsakanin kaya da mutane.

Gyaran ba wani abin a zo a gani ba ne, aikin hannunmu ne na yau da kullum. Benci biyu a tsakiya, baya da baya, kowa na fuskantar waje, don soja ya ga daji kuma nauyi ya zauna a tsakiyar mota. A ɗaure su da noti a jikin shasi, kada a liƙa su da walda a kan faranti. Kowane mazauni da ɗamara ko aƙalla ƙarfen riƙewa. Baka na bututu mai kauri daga gefe zuwa gefe, wanda zai ɗauki tamfal ya bar iska na ratsawa, kuma ya tare nauyin mota in ta kife. Ƙofa da tsani a kowane gefe da kuma baya. Keji daban a gaba don jakunkuna, man fetur kuwa kada ya hau motar da ke ɗauke da mutane ko kaɗan. Tankin ruwan sha. Ƙararrawa ko waya daga baya zuwa wurin direba, wannan ko ba a yi komai ba a fara da ita, domin kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba. A rage ganyen sifirin ya dace da nauyin mutane. A rubuta adadin da za ta ɗauka da babban fenti a jikin bodi, yadda ƙaramin soja ma zai iya karantawa. Kuma kafin kowace tafiya, makaniki ya shiga ƙarƙashi ya duba ƙusa da faranti da tiyon birki, ya sa hannu a takarda da sunansa. Kuna da injiniyoyin soja. Garin nan na da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Su zana, su auna, mu mu yanka mu haɗa.

A game da iyalai, muna roƙon duk sojan da aka yi wa canjin wuri a ba shi kuɗin kujerar bas na matarsa da ƴaƴansa daban da na dakon kaya, kuma kuɗin ya shiga hannunsa kafin ranar tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuɗin ya zo bayan wata uku, yaran sun riga sun hau saman wake.

Ga mai girma Gwamna: a tara jandarma da ƴan sanda da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ANISER da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da sarakunan tasha a zauna. Muna so a hana hawa saman lodi, amma muna tsoron hanin da zai zo dare ɗaya, domin ƙarshensa shi ne a sauke mutane kafin shinge su zagaya da ƙafa su sake hawa a gaba, ko kuma abin ya zama wata sabuwar ƙofar karɓar na goro. A fara da yara da mata masu ciki da masu goyo, wannan daga yau ba sassauci. Sauran a ba da wa'adi, a kuma buɗe hanya: duk mai kamiyon da ke bin kasuwannin ƙauye, in ya raba bodinsa biyu, kaya a gefe ɗaya, benci da rufi a ɗaya gefen, a duba a ba shi takardar izini ta ɗaukar adadi sananne, a rage masa wani abu a haraji don ya ga ribar gyaran. Ƙauyukan da ke bayan Dakwaro da Barmo da Mayahi ba za su ga bas a ƙofarsu nan kusa ba, kamiyon nan shi ne motarsu, don haka shi ya kamata a gyara.

Muna roƙon a nemi bakin masu martaba Sultan na Katsinar Maraɗi da Sultan na Gobir a Tsibiri, da limaman Juma'a, da gidajen rediyon garin nan. Abin da hakimi ya faɗa a fada da abin da liman ya faɗa a kan mumbari yana isa inda takardar hukuma ba ta isa.

Sannan a riƙa rubutawa. Duk wanda ya faɗo daga saman mota a jihar nan, soja ko farar hula, ya mutu ko ya ji rauni, a shigar da shi a littafi ɗaya, da hanyar da abin ya faru da irin motar, a karanta wa jama'a adadin a ƙarshen kowace shekara. Yanzu ana binne su ne ɗaya ɗaya a ƙauyukansu, kowane gida na ganin nasa ne kaɗai.

Daga ɓangarenmu, mu masu walda bakwai da muka zauna mun yi alkawari. Ku ba mu tirela ɗaya da ƙarfen aiki da zanen injiniyoyinku, za mu haɗa ta farko ba tare da karɓar ladan hannu ba, cikin mako uku in Allah ya yarda. Ku ɗora mata buhunan yashi daidai nauyin mutanen da za ta ɗauka, ku kai ta Dakwaro ku dawo, ku duba kowane ɗori. In ta yi, sai ku sa yaran. Wanda duk kuka aiko ya zo layin masu gyaran manyan motoci ya tambayi masu haɗa bodi, za a kawo shi wurinmu.

Allah ya ƙara wa mai girma Gwamna lafiya, ya tsare sojojinmu a daji da kan hanya, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai walda, a madadin abokan sana'arsa da iyalan sojoji da ƴan kasuwar ƙauye,
Maraɗi